Kwaltar Bututun Gidan Buazza

Shekara talatin da ɗaya Hammu u Bassu, wato Hammu ɗan Bassu, ya yi yana hawa rufin gidajen garin Tafrant yana share musu bututun hayaƙi, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa ɗaga masa hannu sai ranar Larabar da 'yan gidan Buazza suka zo masa.

Maganar ta faro ne tun Litinin. Ƙanƙarar farko ta sauka a kan duwatsu, iska tana gangarowa cikin gari tana yankar kunne, sai Buazza mahauci ya aiko a kira shi, wai murhun ɗakin tsohuwarsu yana mayar da hayaƙi ciki. Hammu ya saɓa tsaninsa ya hau tudu zuwa gidan. Su uku ne 'ya'yan Lalla Itto. Buazza ne babba, mutum mai wuya kamar na sa, sai Addi da ke taya shi a mahauta, sai autansu Mimun, wanda ya haura talatin bai yi aure ba, shi ke kwana a ƙofar ɗakin uwarsu a saman bene, shi ke ɗaga ta, shi ke shigo mata da itace.

Hammu ya sa aka kashe wutar, ya sha shayi kofi biyu yana jiran ƙarfen ya huce. Da ya huce ya cire gwiwar bututun, ya zura madubi, ya haska tocila. Ya daɗe yana kallo.

Ya san dattin bututu kamar yadda Buazza ya san nama. Akwai kunkunniya mai laushi kamar gari, wadda kowane burushi zai zubo da ita. Akwai wadda ta yi ɓawo kamar ƙonannen burodi, ita sai burushin waya. Abin da ya gani a nan ya wuce su duka. Kwalta ce baƙa wuluk, tana ƙyalli kamar gilashi, ta yi kaurin yatsa biyu, har ramin da ya rage bai fi a zura dunƙulen hannu ba. Ya sa wuƙa ya kankara, wuƙar ta zame ba ta ko yi zane ba. Ya juya ya dubi tarin itacen da ke bayan murhu, ɗanyen itacen al'ul ne, ƙaro yana ta tsatsowa daga jikinsa.

Ya gaya wa Buazza gaskiyar abin a tsakar gida. Sai an fara farfasa kwaltar da sarƙa, sannan a bi ta da burushin waya mai faɗin baki wanda ya cika ramin daidai. Bututun tsohon yayi ne, siriri, duk burusan da yake da su sun yi masa girma, sai ya ƙera sabo. Zai dawo Laraba da azahar. Kafin nan ko ashana kada a kai kusa da murhun, a sauko da tsohuwa ɗakin ƙasa, na matar Buazza, ta ji ɗumin kicin.

Mimun ya yi dariya, ya ce a kasuwar Talata ana sayar da burushin bututu a kowane teburi, shuɗi, na roba, har da sandunansa da ake ɗaurawa.

"Wancan ka saya wa Lalla ta riƙa wanke kwalbar mai," in ji Hammu. "Ko kuwa ka goge haƙoranka, na ga suna bukata."

Addi ya ƙyalƙyale, Mimun ya haɗe rai. Daga sama muryar tsohuwa ta sauko, tana cewa ita tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kwana a ɗakin suruka ba, ba kuma za ta fara yanzu da ƙafa ɗaya a kabari ba. Buazza ya ce a yi yadda Ma'allam Hammu ya ce, a ƙara mata barguna, shi zai tafi sayen tumaki wajen makiyaya, sai jibi.

Talata duka Hammu ya yi ta a rumfarsa da ke ƙasan gari, bayan gada. Ya yanko tsohuwar wayar birkin babbar mota, ya warware ta sili-sili, ya dinga yanka yana jerawa tsakanin faifan ƙarfe biyu. Matarsa Rabha ta kawo masa miyar wake da burodi, ta tarar yatsunsa duk jini, ta ce kullum sai ya ciyar da wayar nan kafin ya ci nasa. Laraba da safe ya rufe ƙofa saboda sanyi, ya kunna injin wasa ƙarfe yana daidaita bakin burushin. Ƙarar injin ce ta hana shi jin abin da duk garin ya ji, wato rugugin bututun da ya kama wuta, mai kama da babbar mota tana hawan tudu ba ta kai ƙarshe ba.

Da hantsi aka banko ƙofar da ƙafa. Hammu ya ɗago ya ga Buazza, fuskarsa baƙa da toka, idanunsa ja. Addi na bayansa. Can baya a bakin ƙofa Mimun ne tsaye, an naɗe masa hannuwa biyu da tsumma har gwiwa. Hammu ya miƙa hannu zai kashe injin, ya buɗe baki zai yi sallama, sai Buazza ya kai masa naushi a baki.

Ya faɗa kan teburin aiki, gwangwanin kusoshi ya tarwatse. Kafin ya tashi Addi ya zaro ɗaya daga cikin sandunan ƙarfen da Hammu yake ɗaura burushi a kansu, ya sheme shi a gadon baya. Na biyu ya same shi a haƙarƙari, ya ji abu ya ɓalle a ciki kamar busasshen reshe. Yana ƙoƙarin tambayar me ya faru, jini yana cika masa baki, kalmar ba ta fita. Buazza ya kama shi a wuyan riga ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya buga kansa da bango, ya sake bugawa.

"Ka ce ka share. Ka ce mata ta hura wuta," in ji Buazza, muryarsa a ƙasa. "Ga ta can an tafi da ita asibitin Azru, gashin kanta babu, fatar bayanta a jikin bargo."

Hammu ya girgiza kai. Ya so ya ce tun Litinin bai taka gidan ba, ya so ya nuna burushin da ke kan injin, wanda ko sau ɗaya bai shiga bututu ba. Abin da ya fito daga bakinsa haƙori ne guda da kumfar jini.

Rabha ta shigo a guje daga cikin gida da butar shayi a hannu, tana tafasa. Ba ta tsaya tambaya ba, ta watsa wa Addi a wuya. Addi ya kurma ihu ya juyo ya make ta da bayan hannu, ta bugu da ƙofa ta zube, kallabinta ya faɗi gefe. Ganin haka Hammu ya lalubo guduma a ƙasa, ya kai wa Buazza duka a ƙauri. Buazza ya durƙusa, amma bai sake shi ba. Ya murɗe masa hannun dama har gudumar ta faɗi, ya shimfiɗa hannun a kan uwar maƙera, ya danne da gwiwa, ya ce wa Addi ya ba shi sarƙar.

Sarƙar da Hammu ya tanada don kwaltar gidansu ce, gajera, mai kaurin ɗan yatsa, an ɗaure ta a bakin sanda. Sau uku Buazza ya sauke ta. A na farko Hammu ya ji kansa yana kuka irin na akuyar da aka kayar, a na biyu ya ga farin ƙashi ya leƙo a bayan hannunsa, na uku kuwa bai ji shi ba, sai dai ya gani. Duk wannan Mimun yana bakin ƙofa, bai shigo ba, bai kuma tafi ba.

Buazza ya ce ba a nan za a ƙare ba, sai ya je ya ga aikinsa da idonsa. Suka ja shi a ƙasa ta ƙafafu har waje, suka jefa shi bayan motar da suke ɗauko tumaki, a kan kashin dabbobi da ruwan ƙanƙara. Rabha ta biyo motar a guje ba takalmi, goshinta a fashe, tana kiran maƙwabta da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. An leƙo ta tagogi, wasu sun fito sun bi ta, amma babu wanda ya tare hanya.

A ƙofar gidan rabin gari ya taru. Benen ya ƙone, rufin kwanon ya rufta ciki, katakan suna ta hayaƙi. Ƙasan gidan ne kawai ya tsira, shi ma ruwan da aka yi ta watsawa ya cika shi. Aka sauke Hammu aka yar da shi a tsakar gida kusa da tarkacen da aka jefo daga sama. Buazza ya taka masa wuya da takalmi ya juya fuskarsa wajen benen, ya ce ya kalla. Mutane suka yi cirko-cirko. Hammu ya ga ƙafafun waɗanda ya shekara talatin yana shiga ɗakunansu, ya gane takalmin mai shagon shayi, ya gane na ladan. Wani dattijo ya ce a ji tsoron Allah a jira jandarmomi, Addi ya nuna shi da sanda, dattijon ya ja da baya.

A kwance yake, kumatunsa a cikin laka, sai idonsa ya faɗa kan bututun. An jefo shi daga sama ya rabu gida uku, guntun tsakiya ya tsage a tsaye saboda zafi, yana kwance bai fi taku biyu daga fuskarsa ba. A cikin tsagar, tsakanin kwaltar da ta kumbura ta zama kamar ƙonannen soso, akwai murɗaɗɗiyar waya siririya, irin wadda ake yi wa burushin kasuwa ƙashin baya. A ƙarshenta, inda wuta ba ta cinye duka ba, wani dunƙule ya narke ya daskare, gefensa ɗaya har yanzu shuɗi.

Nan take ya ga yadda aka yi, kamar yana wurin. An zura burushin roba daga sama, ya yi ta zamewa a kan kwaltar yana zubo ɗan gari, har ya kai inda ramin ya tsuke ya maƙale. An ja, sandar ta kwance, kan ya zauna a ciki. Sannan aka hura wuta a ƙarƙashinsa.

Ya ɗaga ido ya nemi Mimun. Yana jingine da bangon kicin, tsumman hannuwansa sun jiƙe da ruwan ƙuna, girarsa babu. Shi ya shiga wutar ya ɗauko uwarsa, kowa ya faɗa. Idanunsu suka haɗu, Mimun ya girgiza kai kaɗan, irin girgizar mai roƙo. Hammu ya san Buazza tun yana yaro mai jifan karnuka, ya san abin da zai biyo baya in ya buɗe baki, kuma na ɗan lokaci ya yi tunanin ya bar shi a haka har jandarmomi su iso. Sai ya ji Addi yana cewa a kawo jarkar man da ke cikin mota, wanda ya ƙona mutum shi ma ya ɗanɗana. Ya ji Rabha tana kokawa da masu riƙe ta a bakin ƙofa. Ya ji ƙarar murfin jarka.

Ya miƙa hannun hagu ya taɓa ƙafar da ke kan wuyansa, ya nuna bututun.

"Si Buazza, duba ciki," ya ce da kiran girmamawa, da ƙyar ake jin sa. "Ka taɓa ganina da roba?"

Buazza ya ɗage ƙafarsa. Ya sunkuya ya sa yatsa ya zaro wayar da dunƙulen, ya juya shi a tafin hannu. Duk Tafrant an san Hammu da zagin burushin kasuwa, har yara suna kwaikwayonsa. Mai shagon shayi ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa, ai jiya ya ga Mimun ya wuce da doguwar leda daga kasuwa. Wata maƙwabciya ta ce ita ma da la'asar ta ga mutum a kan rufin, ta ɗauka Ma'allam ne.

Buazza ya juya. Ya tambayi ƙanensa wa ya hau rufin jiya.

"Dadda, sanyi take ji," in ji Mimun, yana kiran yayansa yadda ya saba tun yarinta. "Haƙoranta suna haɗuwa, tana kuka, tana cewa so muke mu kashe ta. Na ce bari in ɗan buɗe mata hanya."

Ya ce da safe da Buazza ya iso ya tarar da wuta ya tambayi wa ya hura murhu, shi dai cewa ya yi an share bututun. Buazza ne ya ambaci sunan Hammu, shi kuma bai iya cewa a'a ba. Bai ƙarasa ba Buazza ya ɗauki guntun bututun da hannu biyu ya maka masa a fuska.

Mimun bai kare kansa ba, ko da ya so ma hannuwan ba za su ɗagu ba. Ya zame a jikin bango ya zauna, Buazza ya sake sauke ƙarfen a kansa, tsagaggen bakin ya buɗe masa fuska daga gira zuwa kunne. Da bututun ya lanƙwashe ya yar da shi ya koma sa ƙafa, a ciki, a ƙirji, a kan ƙonannun hannuwan. Addi ya saki jarka ya rungumo yayansa ta baya, Buazza ya yi jifa da shi cikin tokar. A wannan karon mutane suka shiga. Maza shida ne suka danne shi, ladan yana riƙe da kansa yana karanto masa abin da ya zo bakinsa, shi kuma yana gurnani yana kiran uwarsa, Yimma, Yimma, har muryarsa ta dushe. Hammu yana kwance yana kallo, yana mamakin saurin da suka yi yanzu. Rabha ta ƙwace ta zo ta ɗora kansa a cinyarta, ta yage gefen rigarta ta naɗe hannun ba tare da ta kalle shi ba. Lokacin da motar jandarmomi ta hawo tudun, babu sauran wanda za a raba.

Mota ɗaya ta kai Hammu Azru shi da Mimun, a kwance gefe da gefe. Lalla Itto ta rasu ranar Juma'a ba tare da ta farfaɗo ba. Buazza da Addi suna tsare lokacin da aka kai ta makwanci, Mimun kuma yana kan gadon asibiti an rufe masa rabin fuska, don haka maƙwabta ne suka ɗauki makarar. Idon hagu na Mimun bai tsira ba. Da aka sallame shi bai koma Tafrant ba, an ce an gan shi a bakin teku yana gadin wani wurin ajiye motoci.

Kafin a shiga kotu dattawan gari suka zo gidan Hammu da rago da sukari, suka zauna suka yi ta magana a kan zafin rashin uwa da zaman tare. Hammu ya saurare su har suka gama. Haƙarƙarinsa uku a karye, likita ya sa masa ƙarafa a hannu ya kuma gaya masa yatsu uku ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. A ransa ya ji zai iya yafe wa Buazza, don ya ga idanunsa a ranar, amma da ya tuna takalman da suka kewaye shi sai ya rasa abin da zai ce wa masu su. Rabha ce ta tashi ta kwance ragon daga turke, ta ja shi har titi, ta dawo ta ɗauki sukarin ta ajiye a waje, ta tsaya riƙe da ƙofa har suka fita ɗaya bayan ɗaya. Alƙali ya ba Buazza shekara huɗu, Addi shekara biyu.

Sanyin bana kuwa bai jira kowa ba. Gobarar ta tsorata mutane, kowa ya tuna da bututunsa, kuma mai share bututu mafi kusa yana Azru, ba ya hawowa in hanya ta rufe. Aka fara aiko yara, daga baya iyayen suka riƙa zuwa da kansu suna tsayawa a bakin rumfa suna sosa ƙeya. Hammu ya gwada tsani sau ɗaya a bayan gidansa, a mataki na huɗu hannun ya ƙi riƙewa, ya sauko ya zauna a kan dutse ya daɗe.

Washegari Rabha ta saka tsohon wandonsa a ƙarƙashin rigarta, ta ɗaure ƙugu da igiya, ta ce ya tashi ya nuna mata. Shekararta arba'in da tara, ba ta taɓa hawa abin da ya wuce kujera ba. Gidan malamar makaranta suka fara, don ita ba ta gari ranar Larabar. Hammu ya cire gwiwar bututu da hannun hagu, ya haska madubi, ya ce ɓawo ne kawai, ya zaɓo mata burushin waya matsakaici, ya fita ya tsaya a titi yana ɗaga kai yana gaya mata inda za ta sa ƙafa. Ta zura, ta ja, ta ce abin ya maƙale. Ya ce kada ta juya sandar hagu, ta danna ƙasa tukuna sannan ta ɗago a hankali. Sai suka ji ɓawon yana zubowa cikin bokiti.

Gida goma sha tara suka share kafin ƙanƙara ta toshe hanyar Azru. Rabha ce ke zaɓen gidan da za a je. Akwai ƙofofin da in suka zo wucewa sai ta ƙara sauri da tsani a kafaɗa, Hammu yana biye da jakar burusai, ko an kira su ba ta waiwaya. Gidan ladan sai da matarsa ta zo sau uku, ta ce jikokinta tari suke yi, sannan Rabha ta ce su kashe wuta ranar Asabar, za ta zo bayan azahar.